Mandolin Ɗaya, Murya Goma Sha Huɗu

Ludayin ya suɓuce daga hannun Ilaria ya nutse cikin miyar tumatir.

Kiɗanta ne ke fitowa daga rediyon kicin!

Wata takwas ta yi a kansa. Tsohon kiɗa ne da aka rubuta wa makaɗa sittin, ta zauna ta warware shi, rabon goge da na sarewa da na ƙaho duk ta mayar da su kan mandolin ɗinta guda, ɗan molon nan na Turawa. Kashi goma sha huɗu ta naɗa, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin wanki da ta lulluɓe da barguna, har fatar yatsunta ta tsage.

Sai ga mai gabatarwa yana cewa, "Kun ji aikin Bronwyn Keogh, shugabar masu mandolin ta nan Fremantle..."

"Bronwyn?!"

Mahaifinta Saverio ya ajiye ragar kifin da yake gyarawa a bakin ƙofa.

"Wa ke riƙe da aikin nan ban da ke?"

Tavita ne, saurayinta, shi ke haɗa mata sautin a kwamfutarsa. Ta kuma san yadda Bronwyn ke liƙe masa bayan kowane atisayen ƙungiyarsu ta masu mandolin, yau kofi, gobe "zo ka duba min makirufo."

"Ai na sani!" in ji Saverio. "Ɗan tsibirin Samoan nan mai faɗin kafaɗa. Shekara uku ina faɗa miki, mutum ba jirgi, ba raga, sai wayoyi a kunne!"

"Papa, don Allah..."

Sau bakwai Tavita ya kira, ba ta ɗaga ba. Ƙarfe uku sai ga shi a ƙofa, gumi sharkaf, rungume da kwamfuta.

"Tun yaushe kuke tare da ita?" ta jefa masa, idonta jawur.

"Haba, zuciyata... ni?"

"Kar ka kira ni haka!"

"To, Ilaria. Wa kika tura wa gwaji a watan Yuli, kika ce ta ba ki shawara?"

Ita ce da hannunta ta tura wa Bronwyn. Ta ma manta.

Ta zauna a kan matakala.

"Ko da haka ne, wa zai yarda da ni? Ita ce shugaba..."

"Sun riga sun yarda. Daga gidan rediyon nake." Ya buɗe kwamfutar. "Akwai wani abu a kashi na tara. Na rage masa ƙarfi amma ban goge ba, don kullum yana ba ni dariya. Na sa sun ƙara sauti a nasu, suka ji shi daram a wurin. Saurara."

Tsirkiya ta fara rawa a hankali, mai taushi. Can ƙasa sai wata murya ta ɓarke kamar ƙahon jirgi:

"Ilaria! Ki bar tin-tin-tin ɗin nan, taliya tana hucewa!"

Tavita ya tsayar da kiɗan.

"Sun kira Bronwyn suka tambaye ta wace ce Ilaria a gidanta," in ji Tavita. "Ta kashe wayar. Ƙarfe biyar za su sake sawa, da sunanki."

Dariya da kuka suka taso mata tare. Ta kifa kai a ƙirjinsa, tana jin nauyin da ya danne ta tun safe yana zubewa.

"Ka yafe min... na zarge ka."

"Ni ma da na ji, sai da na zargi kaina, alhali na san ban yi ba."

Saverio ya yi gyaran murya. "Ni ne wancan? Ai muryata ta fi haka daɗi. Na'urarka ce ba ta da kyau." Ya ƙare wa Tavita kallo, sama da ƙasa. "Ka ci abinci?"

Shekara uku, bai taɓa yi masa wannan tambayar ba.

"Ban ci ba, Baba. Kuma... tunda yau bakina ya buɗe, ina neman auren 'yarka."

Dattijon ya daɗe yana juya allurar raga a hannunsa.

"Ke fa?"

"Ina so, Papa. Wallahi ina so!"

"To, da sharaɗi ɗaya. In za a buga faifan nan, a sa sunana. Ni ma na yi waƙa a ciki."