Hannun Dakta Barau

Ƙwayar-ji ta kunna kanta a ƙeyar Hansatu, kamar kullum, sai duniya ta rufto mata. Zanenta ya zama ƙaya, ƙarar jirgin da ke shawagi a saman gidaje ta soki kunnenta.

Ƙwayar 'yar na'ura ce, ba ta fi tsabar gero ba. Dakta Barau, babban masanin birnin Tudun Haske, shi ya ƙera ta, ya dasa wa masu haɗa turare a masana'anta don hancinsu ya ƙara kaifi. Hansatu na cikinsu, amma tata ta zarce. Ba ta iya goya jaririyarta, don ɗumin yarinyar garwashi ne a bayanta.

"Sunan ciwon haifarastiziya," in ji Likita Kulu ta asibitin unguwa. "Wato tsananin ji. Jijiyoyi ke ninka abin da suka karɓa, taɓi ko ƙara ko haske, har ya zama azaba. Wanda ya dasa ƙwayar ne kaɗai ya iya cire ta."

Hansatu ta je wurin Barau da kuka. Gogan naka ko ɗagowa bai yi ba.

"Raki ne kawai, Malama. Ni ma akwai ta a wuyana, da ita nake tiyata. In na cire taki, cewa za a yi aikina ya lalace."

Daga ranar ta ƙullace shi. Ta sace maɓallin saiti na masana'anta, wanda ke ƙara wa duk ƙwayar da aka auna da shi ƙarfi, ta jira bikin 'yarsa.

Da rana tsaka ta shiga taron, kunnuwanta cushe da auduga. Daidai lokacin da gwaggon amarya ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa a kan Barau, mata na fesa masa turare, Hansatu ta auna wuyansa, ta murɗa maɓallin har ƙarshe. Barau ya zube yana yagar babbar rigarsa. Amarya ta rungumo shi, ya hankaɗe ta.

"Kar ki taɓa ni! Wuta!"

Wallahi Hansatu ta ji daɗi, daɗi har cikin ƙashi.

Washegari ta koma asibiti da fara'arta. "Yanzu da ya ɗanɗana, ai zai cire min, ko?"

Likita Kulu ta ce, "Jijiyoyinsa sun ƙone a haka, 'yar'uwa. Cokali ma ba ya iya riƙewa, balle wuƙar tiyata. Kuma tsabar son a ce shi kaɗai ne gwani, bai taɓa koya wa kowa ba."