Samma'ar da Ta Shiga Ƙarƙashin Rawani

Ranar da Ikhlas ta fara tsayawa gaban rumfar Uzairu a kasuwar Sinja, can ƙasar masu Larabci inda Hausawa suka daɗe da zama, ranta a ɓace yake. Rumfuna uku ta zaga, kuɗinta na tsintar auduga ƙulle a bakin mayafinta na tob, kowane mai rumfa sai ya dubi ƙullin kafin ya dubi fuskarta. Ɗaya ya miƙo mata abin da ya fi ƙarfinta, ɗaya ya jefo mata na banza.

"Samma'a nake so," ta ce, "ta sauraron magana a waya. Ba mai tsada ba, ba kuma ta yarwa ba."

Uzairu ya ajiye wayar da yake gyarawa. Dogo ne, siriri, mai sanyin magana. Ya dube ta sau ɗaya, ya yi saurin mayar da idonsa kan teburi, don ya ji wani abu a ransa da bai shirya ji ba.

"Wa zai sa?"

"Ina ruwanka da mai sawa, ya zol?" ta ce, irin yadda ake kiran namiji da Larabcin garin.

"Takalmi ma sai an tambayi ƙafa," ya ce. "Balle kunne."

Ta so ta ƙi dariya, dariyar ta ƙwace mata. Sai ta gaya masa. Kakanta ne, Malam Attahiru. Kunnensa na hagu ya mutu tuntuni, na dama ma sai an ɗaga murya. Yana da ƙane, Mahmudu, wanda ya koma Sakkwato shekara arba'in da suka wuce, suka rabu ba daɗi. Kafin Mahmudu ya rasu ya yi wa yayansa saƙo a kaset, irin yadda mutanen da ke yi, kaset ɗin ya kwanta a akwati har jikokinsa suka juye shi suka turo ta waya. Amma da an kunna, bayan sallama, abin da muryar ke fara cewa shi ne maganar ta Attahiru ce shi kaɗai. Tsohon ba ya ji sai an ƙure ƙara, in kuwa an ƙure duk gida sun ji. Wata biyu ke nan ya hana a kunna.

Uzairu ya ci gaba da tambaya kamar likita. Malam yana naɗa rawani? Kullum. Akwai wuta a ƙauyenku? Sai ta ga dama. Hannunsa na rawa? Kaɗan. Wayarki tana da ramin samma'a? Tana da shi.

Ya jera guda uku a kan teburi.

"Wannan mai arha, wata ɗaya igiyarta ta tsinke, kuma murya a cikinta kamar kukan sauro. Wannan marar igiya, mai kyau ce, amma sai da caji, kuma kuɗinki ba su kai ba, ko sun kai ba zan ba ki ita ba. Wannan ta tsakiya ita ce taku. Maƙalarta ta bayan wuya take bi, ba ta saman kai ba, rawani ba zai hana ta zama ba. Soso ne a kan kunne, ba a cusawa. Igiyar an naɗe ta da zare. Ga ɗan gare a jiki, da yatsa ɗaya zai ƙara murya."

Ya karɓi wayarta ya gyara ta yadda duk sautin zai fito a kowane ɓari, kada rabinsa ya tafi kunnen da ya mutu. Don su tabbatar, ya kara ɓari ɗaya a kunnensa, ita ta kara ɗayan. Samma'ar ba ta da faɗi, dole kawunansu suka matso. Muryar tsoho ta fito tar daga cikin shuuu na kaset, ta yi sallama. Nan take Uzairu ya janye kunnensa.

"Daga nan ba nawa ba ne," ya ce.

A wannan kalmar Ikhlas ta faɗa sonsa, ko da yake ba ta sani ba sai daga baya. Ya rubuta lambarsa a bayan kwalin samma'ar, wai ko ta lalace.

To, kasuwa ba ta rasa ido. Gwaggonta Hanan ta zo sayen gawayin dafa gahawar jabana, ta hango su kai da kai, igiya ɗaya ta haɗa su. Matar nan kuwa, Allah ya ba ta ƙafa ya ba ta baki. Kafin motar Ikhlas ta isa ƙauye, labarin ya riga ta sauka.

Mahaifinta, Baba Mati, yana tsaye ƙofar gida da laka har gwiwa, daga ban ruwan gona ya fito. Bai yi tsawa ba. Ya miƙa hannu, ta ba shi kwalin, ya juya ya ga lamba a baya.

"Ɗiyata, a tsakiyar kasuwa, kunci da kunci da mai gyaran waya," ya ce. "Abin da ya shigo ta wannan hanya ba zai taɓa kunnen mahaifina ba. Hisham na tafe ƙarshen wata, zai kawo wadda ta fi ta."

Ya kulle kwalin a akwatinsa. Hisham ɗan ƙanwarsa ne, yana aiki a Jidda, kuma Baba Mati ya daɗe yana yi masa sha'awar Ikhlas. Sai dai yarinyar ta riga ta haddace lambar tun a mota.

Washegari da hantsi ta rubuta: "Assalamu alaikum. Ikhlas ce, mai samma'a. Ba ta lalace ba. Ba a ma gwada ta ba. An kulle ta saboda an gan mu."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Wa alaikis salam. Laifina ne, da na ba ki ke kaɗai ki saurara. Ki yafe mini. Amma in gaskiya ake so, ban yi nadamar minti ɗayan nan ba."

"Likitan Kunne, ashe kana da baki."

"Sai in na ga mai saurare, 'Yar Auduga."

Haka aka fara. Ta gaya masa yadda kakanta ke zama a rumfa shi kaɗai, ana hira yana kallon leɓɓan mutane. In an yi addu'a a taro, amin ɗinsa a baya take zuwa, sai kowa ya shafa sannan tasa ta fito, yara su yi ta ƙunshe dariya. Wannan abin yana ci mata rai ƙwarai. Shi kuma ya gaya mata maraya ne, kakarsa ce ta rene shi a garin Hasahisa, ita ma da kurumta ta tafi, shi ya sa ba ya sayar da samma'a sai ya tambaya.

Bayan mako uku Uzairu ya turo kawunsa neman izinin aurenta. Baba Mati ya ba baƙon shayi, ya raka shi har bakin hanya, ya ce masa an riga an yi mata miji. Ikhlas ta yi kuka har idonta ya kumbura, tuwo ma ta kasa tuƙawa.

Hisham ya iso da farar jallabiya da ƙamshin turare. A gaskiya ba mugun mutum ba ne, kawai irin mutanen nan ne da ke ganin abu in ya yi tsada ya gama kyau. Ya miƙa wa Ikhlas ɗan farin akwati kamar na kwalli, da 'yan ƙwayoyi biyu a ciki, ya ce kuɗinsu ya kai na tunkiya.

Ta yi ta fama ta kasa haɗa su da wayarta. Sai ta ɗauki hoto ta tura wa Uzairu: "Yaya ake haɗa wannan?"

Uzairu ya ga hoton, ya ga hannunta da sabon lalle riƙe da kyautar wani. Lallen na bikin maƙwabta ne, amma shi ina zai sani? Ya rubuta mata yadda ake yi, ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da cewa: "Mabruk. Allah ya sanya alheri. Ya fi ni abin hannu."

Ta karanta, ranta ya ɓaci. "Kai mai tambayar rawani da wuta da rawar hannu, ni ba za ka tambaye ni ba sai ka yanke hukunci? Don Kaka na karɓa. Kada ka sake rubuto mini."

Kwana huɗu ba wanda ya ce uffan. Kowannensu ya rame.

Ranar Juma'a da safe aka taru a rumfar gida za a gwada kyautar Hisham. Aka cusa wa Malam Attahiru ƙwaya a kunne, ta faɗo. Aka sake cusawa, ya kai hannu zai gyara, yatsansa ya taɓa ta, sautin ya tsaya. Da aka samu ta zauna, sai ta yi ƙit ta mutu, don kwana uku ba wuta a ƙauyen. Hisham ya kai ƙwayoyin motarsa ya yi musu caji, ya dawo. Kafin nan tsohon ya tashi alwalar walha, ya manta da ta daman tana kunnensa, ya zo shafar kunne, ta sulale cikin kwatamin ruwa. Hisham ya durƙusa da farar jallabiyarsa yana lalube a cikin laka.

Malam Attahiru ya dubi ɗansa. Da irin Hausar kakanni yake magana, wadda ba ta gauraya da Larabci ba.

"Mati, ina abin da yarinyag ga tas sawo da kuɗin audugatta?"

"Baba, wancan ai..."

"Ban ji ka ba, kuma ba ni son ji. Ɗauko shi."

Aka ɗauko. Ikhlas ta zagaya da maƙalar ta bayan wuyansa, ta shige ƙarƙashin rawani kamar don shi aka yi ta. Ta ɗora yatsansa a kan garen, ta kunna, ta ja mutane baya.

Tsohon ya murza garen. Sai suka ga bayansa ya miƙe. Ya ce, "Wa alaikas salam, Mamuda," da ƙarfi, kamar ƙanen na zaune a gabansa. Minti goma sha ɗaya hawaye na bin gemunsa, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya daga abin da yake ji. Da ya ƙare, ya share fuska da bakin rawani.

"Ya ce bai riƙe ni ba," ya faɗa. "Ran da zai tafi na ƙi raka shi bakin mota. Shekara arba'in ina ɗauke da abin ga. Ya ce bai riƙe ni ba."

Baba Mati ya sunkuyar da kai. Wata guda ya tsare wa mahaifinsa wannan magana a cikin akwati, kuma ya san haka.

"Wa ya zaɓo wagga?" tsohon ya tambaya.

Ikhlas ta durƙusa kusa da kunnensa na dama ta ba shi labari duka, har da haɗa kan da aka gani, har da yadda Uzairu ya janye kunnensa bayan sallama.

"Bai san ni ba, ya tambayi rawanina," in ji Malam Attahiru. "An ba shi asirina a kunne, ya ƙi saurare. Mati, in kana da wanda ya fi wanga, kawo shi in gani. In babu, a kira min kawunsa."

Hisham da kansa ya yi dariya, yana matse hannun riga. "Kawu, ni dai an ci ni. A ba shi."

Da la'asar Ikhlas ta rubuta: "Likitan Kunne, maganinka ya yi. Kaka ya ji. Yana kiran kawunka."

"'Yar Auduga, na yi kuskure, ban tambaya ba. Yanzu ina tambaya. Kina sona?"

"Tun daga 'ba nawa ba ne'."

Bayan an gama tsintar auduga aka ɗaura aure a masallacin ƙauyen. Gwaggo Hanan ce ta fi kowa rawar kai a wajen girki, tana gaya wa mata ai ita ta fara ganin sun dace. Kafin a fara, ango ya matsa ya ajiye wayarsa a gaban liman, ya kira wayar da ke aljihun Malam Attahiru, ya gyara masa samma'ar a ƙarƙashin rawani. Tsohon ya ji an nema, da bakinsa ya ba da aurenta, ya ji an karɓa.

Liman ya ɗaga hannu. "Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su zama masu sauraron juna, ya ba su zuriya ɗayyiba."

Ikhlas tana can cikin mata a bayan katanga, lulluɓe, ba ta ganin komai. Amma ta san muryar kakanta a cikin dubu. Amin ɗinsa ta fito tare da ta kowa, ba ta makara ba.

Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidan da suka kafa.