Turkanci a Gonar Citta

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don a aji huɗu na bar makaranta. Amma ga shi.

Doya nake soyawa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan lokacin da Chiemeka, ɗan direban jirgi, ya fara zama a bencina. Ya samu gurbin karatu a Turkiyya, yana koyon harshensu daga wani tsohon littafi.

"Martina, dubi agogon tasha ki tambaye ni: saat kaç?"

Na faɗa, kaina a sunkuye.

"Dörde çeyrek var. Huɗu saura kwata ke nan, 'yar doyata."

Ya nuna min yadda Turkawa ke cusa wa kalma ɗan ƙari, sai "yi" ta koma "sa a yi". Shi yana murna. Ni kuwa duk kalmar da ya iya, sai in ji ya ƙara yi min nisa.

Mamarsa, Eucharia, wata nas mai suna Ezinne take so masa. A gabana ta ce, "Wannan yarinya ko Turanci bai iya ba."

Babana Kumai kuma ya ce mai neman 'yarsa sai ya nome masa gonar citta, yadda shi ma ya yi wa surukinsa. Chiemeka bai taɓa riƙe fartanya ba, sai ya tura 'yan ƙwadago. Baba ya kore su.

"Wanne cikinsu ke son Martina? In ba shi ita."

Daga nan bencina ya zama fayau. A coci na hango Ezinne zaune kusa da mamarsa. Na daina cin abinci, doya tana ƙonewa a gabana.

Wata rana na kai wa Baba abinci gona, sai ga Chiemeka a duƙe, tafukansa duk sun fashe.

"'Yar doyata, wannan ya fi Turkanci wuya."

Baba ya dubi aikinsa ya ce, "Kana tuge min citta tare da ciyawa. Tashi ka turo iyayenka kafin ka kashe min gona."

Aka ɗaura mana aure ana gobe zai tafi. Fasto ya sa albarka, Baba ya sa, Mama Eucharia ta ce amin ba ta dube ni ba. Tikitinsa na mutum ɗaya ne, karatun kuma na shekaru.

Washegari na ɗauki akwatinsa a kai har tasha. Da jirgi ya ɓace na koma gidansu, na tarar da mamarsa tana kuka a kicin, murhu a sanyaye. Na hura wuta na ɗora mana ruwan shayi.