Kwanan Danwarai

Zinatu na zaune bakin hanyar Danwarai tana ɗaure tsagaggen diddigenta da tsumma, wani saurayi ya miƙo mata butar ruwa. Ta ɗago, idonsu ya haɗu, ta yi saurin sunkuyar da kai. Haidar sunansa, daga gona ya taso.

Su bakwai ne suka baro Mungadi a ƙasa, suka ratso Jega, za su Hubbare a Sakkwato cika bakance, wato alwashin da mahaifinta, Malam Magaji, ya ɗauka. Ga magariba, ga hadari ya haɗu, ana gardamar wurin kwana. Malam ya zaɓi wani tsohon ɗakin ajiyar albasa da ke gefen hanya. Haidar ya ce gindin bangon ya sha ruwa, su zo zauren gidansu. Amma Malam ya lura da irin kallon da yaron ke yi wa ɗiyarsa, ya ƙi. Da ƙyar Gwaggo Binta ta sa ya bar mata su kwana ɗakin mahaifiyar Haidar.

Kafin asuba bangon ya rufta. Ismail, yayan Zinatu, bai fito da rai ba. Malam kuwa cinyarsa ta karye. Da hannu Haidar ya tono shi, ya kai shi wurin masu ɗori a Aliero.

Wata biyu suna jinya. Kullum da safe Haidar ya kawo kunu, ya tsaya daga waje ya ce, "Zinata, kin samu barci?" Sunan nan da yake kiranta da shi kaɗai ke riƙe ta. Malam ko, da ya ji sallamarsa sai ya juya wa ƙofa baya. Da baffan Haidar ya zo nema masa aurenta, Malam ya ce a'a.

"Duk sadda na ga yaron nan, Ismail nika gani," in ji shi. "Ya hwaɗa min, ban ji ba."

Daga nan Haidar ya ɓace. Kwana shida babu kunu, babu waya. Zinatu ta yi kuka a ɓoye, ta ɗauka ya haƙura da ita. Ran na bakwai saƙo ya shigo:

"Zinata, ina Hubbare. A ƙasa na taho, daga inda kuka tsaya. Na yi wa Ismail addu'a, na yi wa Baba. Ko bai ba ni ke ba, ki gaya mishi tahiyar ta kai."

Ta karanta wa Malam. Hawaye suka bi gemunsa. Can ya ce a kira masa baffan yaron.

Bayan girbi aka ɗaura aure a Mungadi, ba kiɗa, ba guɗa, don gidan bai gama makoki ba. Malam ya dogara sanda ya miƙe, ya dafa kan Haidar.

"Na rasa ɗa, Allah Ya ba ni ɗa. Allah Ya yi muku albarka."