Ƙafar Puleng Za Ta Miƙe

"Na ce ba zan yi ba! Ƙafarka ce ko tawa?"

Puleng ta wurgar da takardar asibitin a kan gado. Motlatsi, saurayinta na shekara huɗu, ya ɗauka yana gyara ta a hankali, kamar ba shi aka daka wa tsawar ba.

"Taki ce, abar ƙaunata. Amma ni nake ganin kukanki duk yamma."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mata rai. Ƙashin gindin babban yatsanta ya turo waje kamar an ɓoye ƙwai a cikin fata, yatsan ya karkace ya hau ɗan'uwansa. Awa tara take yi a tsaye tana gugar wanduna a masana'antar ɗinki a Maseru. Duk takalmin da ta saya sai ta tsaga gefensa da reza.

"Wata goma sha huɗu muna jiran layin tiyatar nan, Puleng. In ranar nan ta wuce..."

"To Mme fa? Rabona da uwata tun Ista! In aka yanka ni, mako shida ba taka ƙasa. Wa zai hau min dutsen?"

Ƙauyensu yana bayan Semonkong, inda mota ke sauke mutum ta juya. Sauran awa uku sai ƙafa ko doki.

"Da kin warke ni zan kai ki. Su ga surukin da ya san darajar 'yarsu."

"Ji shi! Suruki, ko saniya ɗaya babu a ƙofa."

"Suna hanya. Su ma ƙafa ke musu ciwo."

Dariya ta kuɓuce mata. Kuma dariyar nan ce ta cuce ta, don a cikinta ta ce to.

Ranar Talata ta miƙa masa wayarta da bargonta, aka tura ta ɗakin tiyata.

Jinya ba daɗi. Ƙafar ta kumbura suntum, an ɗora ta kan filo uku, zugi ba sauƙi. Motlatsi kuwa, kai, ya yi jinya! Shi ne tuƙa tuwon masara, shi ne wanki, shi ne goya ta zuwa bayi tana dukan kafaɗarsa don kunya. Sai dai ya daina kallon cikin idonta. Ta ɗauka gajiya ce.

Ta nemi yayanta Lefa ya fi sau goma, wayar ba ta shiga ba. Ba ta damu ba, a ƙauyensu sai an hau tsauni ake samun layi.

Kwana tara da aikin, sai Lefa ya kira.

"Puleng... Mme ta tafi da safen nan."

Layin ya katse. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka fito a guje.

Likita ya ce kada ta kuskura ta yi tafiya, amma ko saurarensa ba ta yi ba. Ranar Asabar Motlatsi ya samo doki a Semonkong, ya naɗe mata ƙafar da bargo, ya riƙe linzami ya taka awa ukun nan a ƙafa.

A gidansu 'ya'ya ke fara zuba ƙasa a kabari, babba sannan ƙarami. Lefa ya zuba, ya miƙo mata shebur, amma ya ƙi saki.

"Kwana tara Mme tana kwance, Puleng. Ta sa muka juya mata gado ya kalli ƙofa. Ko akuya ce ta gifta sai ta ce ke ce."

"Abuti, yayana, ban san tana kwance ba!"

"Ba ki sani ba? Talata da sassafe na hau tsauni na kira. Wancan ya ɗauka. Ya ce zai faɗa miki."

Ta juya a kan sandar da take dogarawa. Motlatsi ya riga ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kin riga kin sa rigar tiyata... Na ce a raina mura ce, za ta tashi. Washegari na ce in na faɗa, za ki taka ƙafar ki lalata aikin. Kullum ina cewa gobe, gobe..."

"Kai ne za ka zaɓar min? Tsakanin uwata da yatsa?"

"Saboda ke na yi, masoyiyata..."

"Ka yi shiru. Ana binne uwata."

Ta karɓe shebur ɗin, ta zuba ƙasar.

Washegari aka aske musu kai, aka ɗaura musu baƙin ƙyallen makoki a wuya. Da hantsi Motlatsi ya jawo dokin har bakin ƙofa. Abin takaicin shi ne tana sonsa, ko a lokacin ma tana sonsa.

"Mu tafi, Puleng. Jibi za a cire miki zare."

"Ka koma. Abuti zai kai ni."

"Ki zage ni, ki mare ni, amma kar ki bar ni haka! Ki duba ƙafarki..."

"Za ta warke, ka kwantar da hankalinka. Za ta miƙe sarai, yadda kake so." Ta share hawaye da gefen bargo. "Sai dai ka faɗa min, Motlatsi... wajen wa zan taka ta in je?"

Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya dokin ya fara gangara dutsen shi kaɗai.