Ƙarfen da Nura Ya Kafa a Gindin Suri

Ƙanena Nura bakinsa ba ya hutawa, kuma ba a taɓa ka da shi a gardama ba. Ni Barira, yayarsa, na sha cewa Allah ya kawo ranar da zai yi mana shiru. Da na sani ban faɗa ba.

Ran nan da yamma na kai masa fura lambunmu na bakin tafkin Madarunfa. Na iske shi durƙushe gaban wani ɗan allo mai wayoyi da ya haɗa da hannunsa don ya riƙa kunna famfon ban ruwa. Allon ya ƙi magana da ordinater, wato kwamfutarsa. Ya sauya waya, ya musanya ta aikawa da ta karɓa, ya rage saurin saƙo, ya ƙara. Abin da ke fitowa a gilashin ordinater shirme ne zalla, kamar kaji sun yi tono.

"Wayar ƙasa ce," in ji shi. "In na kafa ƙarfe wuri mai laima, dole ya yi magana."

Laimar kuwa tana gindin wani tsohon suri.

"Magariba ta yi, Nura. Bari sai gobe. In ka ƙi, yi bisimilla."

"Yaya, mi ya haɗa lantarki da suri?"

Ya ɗaga guduma ya buga. Ƙarfen ya nutse kamar cikin nama. Kwaɗin tafki suka yi tsit gaba ɗaya. Wani ƙauri ya taso, irin na gashin da aka babbake.

Nura ya ɗaura wayar, ya koma gaban gilashi yana murmushi. Shirmen ya ɓace. Haruffa suka fara jeruwa, tas.

"Kin gani? Ya yi magana," ya ce, amma cikin raɗa. Sai ya fara karantawa: "Ɗana yana kirana, ka tsire masa maƙogwaro. Muryarsa ta tafi. Kawo taka."

Ya juyo zai kira sunana.

Ba sunana ne ya fito ba. Wani gurnani ne mai tsinkewa, babu kai babu gindi.

Ƙarfen yana juyawa shi kaɗai. A ƙarƙashin ƙafata, wata mace tana numfashi.

Na fizge wayar, ta ƙone mini tafin hannu. Na ja Nura a ƙasa ina ayatul kursiyyu, ban waiwaya ba har bakin hanya.

Da safe maza suka zare ƙarfen. Tsininsa jiƙe yake da jini. An yi sadaka, an yi addu'a, an kai Nura asibiti Maraɗi, likita ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. Ko rubutu Nura ya gwada yi, shirmen nan ne ke fita.

Allon kuwa yana aiki har yau, bai sake kuskuren harafi ba. Nura yana zaune a zaure, bakinsa na motsi yini guda. Ni da na roƙi shirunsa, ni ce ke zama kusa da shi, ina kasa kunne ko sunana zai fito.