Gashin Herminia a Cikin Ambulan

Ranar da Herminia ta fara ganinsa, yana durƙushe ne a bakin famfon ƙaramin asibitin ƙauyensu, yana cika 'yan kwalabe yana liƙa musu lamba. Iskar tsauni ta sa shi haki, ga gorar ruwan kanti rataye a ƙugunsa.

"Malam, ga ruwa a gabanka, kana yawo da na saye?" in ji ta.

Ya ɗago. "Wannan naku ne. In na daɗe ina shan sa, a kwance za a mayar da ni birninmu Tucumán."

"To sannu, Mai Gora."

Sunan ya bi shi. Lisandro yake, ma'aikacin ɗakin gwaji, ita kuma ita ke auna jarirai a asibitin. Shi ya faɗa mata sunan abin da kakanninta suka daɗe da sani. Ruwan duwatsun yankinsu na Puna akwai gubar arsenik a ciki, amma mutanen da suka shekara dubbai suna sha sun gaji wani sinadari a hanta mai kama gubar ya fitar da ita da wuri. Na mutanen kwari irinsa bai kai nasu sauri ba.

"Wato har hantarka ma raguwa ce," ta ce. Ya yi dariya har ya ƙware.

Waya ba ta kamawa sai a tudun bayan coci. Herminia da ba ta son hawa, sai ga ta tana hawansa sau huɗu a wuni.

"'Yar Tsauni, yau na rubuta lamba ɗaya a kwalba biyu. Laifinki ne."

"Mai Gora, tauna ganyen koka, maganin hakin tsauni, ka bar ɗora min laifi. Amma ka zo gobe."

Mahaifinta Anacleto Sarapura makiyayin lama ne, dabbar tsauni mai kama da ƙaramin raƙumi, kuma ba ya magana biyu. Da zancen ya je masa sai ya ce, "Ban ƙi yaron ba, jininsa na ƙi. Gwaggonki Eduviges ta auri ɗan kwari. Kin ga tafin hannun ɗanta, duk ƙuraje masu tauri, yau shekara nawa yana jinya a birnin Salta? Ruwanmu ya san nasa. Ba zan binne jika ba."

Ana cikin haka Fermín, direban motar gishiri da ya shekara biyu yana zarya gidansu da tsaraba, ya hango abin da ya fi masa tsintuwa daɗi. Ya ga Lisandro ya yanki gashi a ƙeyar Herminia, ya sa a ambulan, ya rubuta sunanta. A Puna kuwa ko wanda ya zuba a mataji tattarawa ake a cusa a tsagar bango, ba a yar da shi, balle a miƙa wa baƙo. Kafin ta isa gida labari ya riga ta, wai asiri aka yi mata.

"Gwaji ne fa, Baba! Ni na ba shi!"

"Kowa da bakinsa yake bayarwa," in ji kakarta. "Tun da ya yanka, kin yi barcin kirki?"

Gaskiya kuwa, Herminia ba ta yi ba.

Sai kuma Lisandro ya sauka Tucumán, kwana tara ba saƙo. Ta hau tudu ta sauko, ta auna jariri ɗaya sau uku, ta zuba gishiri a shayin mate. Tsoro take ji sosai, ko Fermín ne mai gaskiya. A rana ta goma, tana kan tudu, wayar ta yi ƙara.

"Yi haƙuri, rabin raina. Na kasa rubuto miki kafin in tabbatar. Sakamako ya fito. Kar ki ƙara shan na famfo. Gobe zan zo wurin Baba da kaina."

Ya zo da hantsi, ɗauke da durom ɗin roba, buhun yashi da bokitin ƙusoshi masu tsatsa. Anacleto bai ba shi wurin zama ba.

"Ina gashin 'yata?"

"Na narkar da shi, Baba."

Kaka ta dafe ƙirji. Herminia ta runtse ido, ta ce a ranta wannan bawan Allah bai iya kare kansa ba.

"Gashi yana ajiye gubar da mutum ya sha," Lisandro ya ci gaba. "Akwai a nata. Bai kai na irinmu ba, amma akwai. Gadonku yana rage ta ne kawai, Baba. Jikokinka za su iya ɗauko naka, za su iya ɗauko nawa, wannan ba a hannuna yake ba. Ruwan ne a hannuna."

Ya jera yashi da ƙusoshi a durom, ya zuba ruwa a kai, ya ce tsatsa na riƙe gubar. Ya gwada ruwan famfo, takardar gwaji ta yi duhu. Ya gwada wanda ya tsatso ta ƙasa, da ƙyar ta sauya.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Can ya shiga ɗaki ya fito da almakashin sausayar tumaki, ya cire hularsa.

"Yanki nawa. Bayan wata shida ka yanki sabon tsiro. In ya ragu, turo manyanka."

Wata shidan nan Herminia ta fi kowa gadin durom. Ko kofi ta gani a hannun mahaifinta sai ta tambayi daga ina ya ɗebo. Fermín ya koma bi ta wata hanya da motarsa. Da sakamako ya zo, a kan tudu ta karanta, ta sauko da gudu tana kuka da dariya.

An ɗaura auren ana gama damina, ƙauye ya cika da ƙamshin gasasshen naman lama. Anacleto ya tari kofi a bakin durom, ya zuba wa ƙasa rabonta kamar yadda aka saba, ya sake cikawa.

"Allah ya ba ku 'ya'ya, ko hantar wa suka ɗauko," ya ce. Ya miƙa hannu ya kwance gorar daga ƙugun angon, ya ba shi kofin. "Sha, ɗana. Ruwan gidanku ne."